Sawun Baro a Cikin Raɓa

Motar aka fara gani. Leburorin da suka yi sammakon zuwa aiki a filin sabbin gidajen da ake ginawa a bakin gari su suka tarar da ita, ƙofar direba a hangame, akwatin jirgin hoto a yashe a ƙasa ba komai a ciki. A jikin tayar baya akwai jini. Ba shi da yawa, amma ya bushe ya yi baƙi, ƙudaje na ta sauka a kai.

Kowa a wurin ya san mai motar. Mai Jirgi ake ce masa. Kamfanin da ke ginin ne ya ɗauke shi, duk ranar hutun mako idan fili ya yi shiru sai ya zo ya tashi ɗan jirginsa marar matuƙi, ya ɗauki hoton gidajen daga sama, don masu kamfanin da ke zaune a wani gari su ga inda aiki ya kai. Jiya da la'asar ya fito daga gida, bai koma ba.

Kafin hantsi labari ya zagaye unguwar da ke bayan shingen kwanon filin, kuma kafin Sufeto ya iso da mutanensa, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Mahaucin da gidansa ke jingine da shingen ne, in ji su. Ai an ji shi da kunne yana rantsuwa sai ya ga bayan mai wannan abu da ke leƙa masa tsakar gida. Da ƙyar 'yan sanda suka zare shi daga hannun matasa suka cusa a mota, rigarsa duk jini, matarsa na bin motar ba takalmi.

Sufeto ne ya aika a kira Baba Mai Sawu. Tsohon ya yi shekara talatin da biyu a gandun daji yana bin sawun masu satar farauta, kuma tun da ya ajiye aiki 'yan sanda kan nemi shi idan abu ya cije. Wannan karon ɗan aiken ya tarar har ya saka takalmi. Mai Jirgi mijin autarsa ne, kuma tun daren jiya take kiransa tana cewa wayar ba ta shiga.

*

Da ya isa wurin motar sai ya tarar an riga shi. Mutum ya fi ɗari da suka tattake kewayen motar, ga manyan motocin yashi sun shiga sun fita. Ƙasar da zai karanta an riga an goge ta tas. Ya dafa gwiwa ya durƙusa, ya kwanta rubda ciki ya leƙa ƙarƙashin motar, inda ƙafa ba ta kai ba.

A can gefe, dab da tayar, ya ga 'yan ramuka biyu a jere, tsakaninsu kamar kamu ɗaya. Ƙafafun baro ne. Sun nutse sosai, kuma a bakin ɗaya akwai ɗigon jini da ya faɗo bayan an ajiye baron.

Ya gaya wa Sufeto cewa ba a fita da yaron a mota ba, a baro aka ɗora shi, kuma ba wanda zai tura mutum a baro ya bi titi da rana tsaka. Yana nan cikin filin. Sufeto ya ce an bi gidaje sittin da huɗun nan ɗaki-ɗaki ba a ga komai ba, kuma wurin gini ai baro kamar ƙasa yake.

"A sake bi," in ji Baba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Idan ruwa ya sauka, sawu ya tafi. Idan kuma a rami aka jefa yaron, ruwan zai riga su zuwa.

*

Mahauci ya fara gani, a bayan motar 'yan sanda. Ƙaton mutum ne, amma a lokacin ya yi tsuru-tsuru, leɓensa a fashe. Bai musa barazanar ba. Ya ce yana da 'yan mata huɗu, a tsakar gida suke wanki, wannan abu ya zo ya tsaya musu a ka yana ƙugi, wane uba ne zai yi shiru? Ya jefe shi da dutse sau biyu bai samu ba. Amma Mai Jirgi da kansa ya zo gidan daga baya, ya nuna masa hotunan, ya ga gidansa bai ma fito ba, har suka sha shayi tare. Jinin rigarsa kuwa, ya ce a je a tambayi akuyar da ya yanka da asuba, in za ta iya magana.

Baba bai yi dariya ba, amma ya dubi ƙafafun mutumin da kafaɗunsa. Wannan da zai ɗauki Mai Jirgi, a kafaɗa zai saɓa shi kamar cinyar saniya, ba zai tsaya neman baro ba.

Maigadi ya fi ba shi wahala. Dattijo ne mai rawar murya, ya dage cewa bai motsa daga bakin ƙofa ba tun safe har dare, amma bai ga shigar kowa ba, har Mai Jirgin kansa. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi a hankali yadda mota ta shiga ta ƙofar da yake zaune bai gan ta ba. Sai idon dattijon ya kawo ruwa. 'Yarsa ce ta haihu a asibiti aka yi mata aiki, ya bar ƙofar a saye ya tafi tun azahar, bai dawo ba sai bayan magariba. Ya roƙi a rufa masa asiri kada ya rasa aikin.

"Wa ya san za ka tafi?"

"Mutum biyu na gaya wa tun shekaranjiya. Helma da Injiniya."

Helma shi ne shugaban leburori, gajere mai tabo a goshi, mai saurin fushi. Ya amsa tambayoyin a daƙile. Jiya yana gida, ba shi da shaida sai matarsa. Mukullin rumbun kayan aiki, inda ake kulle barori, yana hannunsa, akwai ɗaya kuma a ofis. Da Baba ya tambayi abin da ya sa leburori suka taru gefe guda suna ƙus-ƙus ba mai taɓa shebur, sai ya rage murya. Ya ce tsoro suke ji. Mako uku da suka wuce wani lebura baƙo da suke kira Dogo ya ɓace, ya bar jakarsa da bargonsa a ɗakin kwanansu. Injiniya ya ce shi ya yi masa sallama ya tafi garinsu. To mutum ya tafi garinsu ya bar bargo? Yanzu ga na biyu. Yaran suna cewa filin ne ke haɗiye mutane.

Injiniya kuwa mutum ne mai fara'a da ladabi. Ya tashi ya ba Baba kujerarsa a ofis, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya kira shi Baba tun kafin a gabatar da su. Da aka zo gaisawa sai ya miƙa tsintsiyar hannu, ya ce a yi haƙuri, hannunsa da mai. Ya ce Mai Jirgi kamar ƙane yake a wurinsa. Ya shimfiɗa taswirar filin a tebur ya ce duk inda ake so a buɗe za a buɗe. Game da Dogo, ya ce irin waɗannan baƙin haka suke, yau suna nan gobe babu su. Sai ya ƙara, kamar wanda maganar ta suɓuce masa, cewa ya taɓa jin Helma yana faɗa da Mai Jirgi kan hoton da ya nuna leburori suna barci a inuwa lokacin aiki.

Sauran yinin Baba ya yi shi yana zagaya. Daga motar, hanyar tsakuwa ce da aka daddaɓe ta rabu gida biyar, tayar baro ba ta barin komai a kanta. Ya bi gefen kowace yana neman inda aka sauka cikin ciyawa. Rana na tsakar ka, ƙasa ba inuwa, idonsa kuma ba na da ba ne. Filin ya fi ƙarfin ƙafarsa. Yana tafe yana tsayawa ya kasa kunne ko zai ji nishi, ba ya jin komai. Rana ta faɗi bai zagaye ko rabi ba. Hadarin ya yi ta walƙiya daga nesa, bai zubo ba.

*

Da magariba ya shiga gidan Auta. Ya same ta zaune a ƙasa a falo, jaririyarta a cinya, mata 'yan jaje sun cika ɗakin. Ta dube shi sau ɗaya ta karanta fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ta miƙa wa yayarta yarinyar, ta ja shi zuwa ɗan ɗakin da mijinta ke aiki.

Nan ya gaya mata gaskiya. Ya ce sawun yana nan, ya tabbata, amma ba a ganinsa sai da sassafe, lokacin da rana ke kwance tana jan inuwar kowane ɗan rami, raɓa kuma na nuna ciyawar da aka kwantar. Wannan lokacin bai kai awa guda ba, shi kuwa yana bukatar kwana biyu kafin ya taka filin duka.

Sai Auta ta taka kujera ta sauko da wani akwati daga saman kwaba. Tsohon jirgin mijinta ne, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da salatif. Ta ce kafin ta haihu ita ke riƙe masa rimot idan aiki ya yi yawa.

"Baba, kai da kake ce masa abin wasan yara."

"Na janye," in ji shi. "Zai tashi?"

"In batirin bai mutu ba."

Ta jona shi a wuta. Suka zauna su biyu suna kallon 'yar fitilar ja har ta koma kore.

*

Gari na fara wayewa suna bakin ƙofar filin, su da Sufeto da 'yan sanda biyu. Auta ta ajiye jirgin a ƙasa, ta ɗauki rimot ta danna. Jirgin ya tashi yana karkata, ya daidaita, ya yi sama.

Baba ya sunkuya kan ɗan allon. Da farko bai gane komai ba. Rufin gidaje a jere kamar an shanya tabarmi, hanyoyi farare, tulin bulo, motar surukinsa ƙarama kamar ƙwaro. Shekara talatin da biyu hancinsa na kusa da ƙasa, bai taɓa ganinta daga nan ba. Ya ce ta bar gidajen, ta bi bakin hanyoyin tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, rana ta kasance a gabanta.

Hanya ta farko ba komai. Ta biyu sawun awaki. A ta huɗu, bayan wani tulin bulo da ya tare gani daga ƙasa, ya ce ta tsaya. Ciyawar duk ta yi fari da raɓa, amma wani siririn layi mai duhu ya ratsa ta, kamar an ja zare a kan madara. Ya sa ta bi shi. Layin ya miƙe sak zuwa yamma, sai a tsakiyar fili, inda ba dutse ba rami ba itace, ya yi wani babban lanƙwasa, ya zagaye, ya dawo kan hanyarsa. Ya ƙare a bayan gidan ƙarshe, a kan wani murfin siminti mai kusurwa huɗu.

"Sokawe ne, ramin ruwan bayi," in ji Sufeto, muryarsa ta canja.

Baba bai san yana iya gudu ba sai ranar. 'Yan sanda suka sa ƙarfe suka ture murfin. Ramin sabo ne ba a fara amfani da shi ba, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ruwan sama ya taru a ƙasansa har idon sawu. Mai Jirgi na jingine da bango, kansa ya rataya a kafaɗa, jini ya daskare masa a ƙeya. Jirginsa a farfashe a gefensa. Auta ta kira shi sau uku bai motsa ba. Ɗan sandan da aka zura da igiya ya daɗe da yatsa a wuyansa, sannan ya ɗago kai ya ce da sauran numfashi.

*

Aka tafi da shi asibiti, Auta na riƙe da hannunsa. Baba ya tsaya. Ya bi sawun baron da ƙafa daga ramin zuwa tulin bulo, yana ƙirga inda aka ajiye shi. Sau goma sha ɗaya aka huta a tafiyar da lebura zai yi a numfashi biyu. Tayar kuma sai tangaɗi take, hagu da dama. Wanda ya tura wannan baro bai saba ba.

Amma lanƙwasar ce ta tsaya masa a rai. Mutumin da ya gaji haka, da gawa ko rabin gawa a gabansa, yana tsoron a gan shi, me zai sa ya ƙara wa kansa taku arba'in? Ya tsaya a bakin wurin da aka kauce wa. Ciyawar nan ta fi ta kewaye gajarta da laushi, sabuwar tsira ce, kuma ta tafi a miƙe kamar an auna, faɗinta taku uku. Tsakiyarta ta ɗan lotsa. Ya taɓa ganin ƙasa ta yi haka a daji, ya kuma san abin da ke sa ta.

A barandar asibiti ya sami Auta, an shiga da mijin ɗakin aiki. Ya ce ta yi haƙuri, ya san ba lokacinsa ba ne, amma ta sa a kawo kwamfutar mijinta. Da aka kawo, ya ce ta nuna masa wannan kusurwar filin, mako bayan mako, tana komawa baya. Makon jiya, ƙasa ja da ɗan tsiro. Na gabansa, ƙasa ja tsirara. Da ta kai mako na uku sai ta ga mijin ya ware hotuna biyu daban, ya sa musu alamar tambaya.

A na farko akwai dogon rami mai zurfi da aka haƙa don bututun ruwa. Mutum ɗaya na ciki, ana ganin hularsa da kafaɗunsa da shebur. Wani na tsaye a baki, kusa da farar motar kamfani da katafila. A na biyu, wanda jirgin ya ɗauka a hanyar dawowa bayan minti goma sha takwas, gefen ramin ya rufta, katafila na tura ƙasa a kai. Ba kowa a tsaye. Ba a ga wanda ya fito ba.

Auta ta toshe baki da mayafi. Ta ce kwana huɗu da suka wuce ya ce mata akwai abin da zai tambaya a wurin aiki, ba ya son ya zargi kowa sai ya ji. Bai faɗi wa zai tambaya ba.

Daga sama ba a ganin fuska. Farar motar kuwa, Sufeto ya ce Helma na tuƙa ta, Injiniya na tuƙa ta, kuma dukansu sun iya katafila. Likita ya fito ya ce ba zai iya cewa ko mara lafiyan zai farka ba, in ma ya farka, ta baya aka buge shi.

Baba ya ce a ba shi tebur ɗaya da kujeru biyar, kada kuma a gaya wa kowa maganar hotunan.

*

Da la'asar sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa kwanukan shinge. Baba da kansa ya ajiye teburin a tsakiyar gajeriyar ciyawar nan, ya danne taswirar filin da duwatsu, ya zauna, a ransa yana neman gafarar wanda yake zaton yana ƙarƙashinsa. Leburori suka taru daga nesa. Sufeto ya taho daga ofis da mutum huɗun da Baba ya yi wa tambayoyi, ya ce musu tsohon na son kowa ya nuna a taswira inda yake shekaranjiya.

Mahauci ya taho gaba-gaɗi ya ja kujera. Maigadi ya biyo shi yana salati ƙasa-ƙasa. Helma ya tako har gaban teburin yana mita cewa an rasa wurin zama sai tsakiyar fili ga ruwa na zuwa, ya buga ƙafa ya kakkaɓe laka, ya zauna.

Injiniya na tafe yana magana da Sufeto, da murmushinsa. Da ya iso inda doguwar ciyawa ta ƙare, ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya karkata dama, ya bi gefe, ya zagaya, ya tsaya daga can yana duba waya.

"Ɗana, ga kujera," in ji Baba.

Ya ce ba komai, yana gani daga nan.

"Idona ba shi da ƙarfi. Zo ka nuna mini da yatsa."

Ya ce shi ya zana taswirar, ya san ta da ka, a tambaye shi kawai. Baba ya tashi, ya ɗauki kujerar da ta rage, ya dasa ta daidai inda ƙasar ta lotsa. Ya riƙe bayanta yana jira. Zufa ta keto wa Injiniya duk da sanyin iskar. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya riƙe ta a sama, ya mayar da ita inda take.

Sai Baba ya yi bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce wanda ya tura baron ya huta sau goma sha ɗaya, ba lebura ba ne, ba mahauci ba ne. Ya ce mutumin ya gaji iya gajiya, amma da ya zo nan sai ya zagaye, kamar yadda aka zagaye yanzu a gaban kowa. Mutum uku sun taka wurin nan sun zauna, don ba su san komai a kansa ba.

"Kai ka san wanda ke nan ƙasa. Buɗe tafin hannunka."

Bai buɗe ba, Sufeto ne ya buɗe masa. Duka biyun sun yi bororo sun fashe.

Helma ya dubi ƙasan da ke ƙarƙashin kujerarsa, ya miƙe a hankali kamar wanda ya ga maciji, ya ja da baya. "Dogo?" ya ce.

Injiniya ya sulale ya zauna cikin doguwar ciyawa. Maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. Aiki ya yi baya, masu kamfani na matsa masa. Ya kira Dogo ranar hutu ya gyara ƙasan ramin, bai sa an tokare gefen da katako ba don kada a ɓata lokaci. Ƙasa ta rufta. Ya ce ya kira shi, ya kira, ya tona da hannu, bai ji motsi ba. Ya tuna 'ya'yansa da takardar aikinsa. Ya hau katafila. Da Mai Jirgi ya zo masa da hotunan yana tambaya ko mutumin ya fito, sai ya ce su haɗu ranar hutu zai nuna masa.

"Minti goma sha takwas," in ji Baba. "Mutum na kai fiye da haka a ƙarƙashin ƙasa da ransa. Na taɓa tono wani."

Injiniya ya rufe fuska da hannuwan nan nasa, aka ɗaga shi aka tafi da shi.

*

Leburori suka ƙi a kawo katafila. Da shebur da hannu suka yi tonon, ruwa na dukansu, Mahauci ya tuɓe riga ya shiga cikinsu. Baba na tsaye a bakin ramin lokacin da aka kai ga hular. Yana nan tsaye wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, tana kuka tana dariya, ta ce ya buɗe ido, ya gane ta, ya tambayi yarinya. Baba ya ce alhamdulillahi, ya nemi bulo ya zauna.

Da aka zo maganar sanar da dangin mamacin, sai aka rasa wanda ya san garinsu. Wata biyar yana aiki a cikinsu, ba wanda ya san ko cikakken sunansa. A jakarsa aka sami riga biyu, tsohon tikitin mota, da wani ɗan takalmin yarinya sabo a leda.

Baba ya karɓi tikitin. Kwana tara ya yi yana bi, daga tasha zuwa tasha, daga direba zuwa mai shayi, har ya isa wani gida a ƙarshen wata hanyar ƙasa, inda ya sami wata mata tana shanya da 'yar yarinya a gefenta. Yayar Dogo ce, ita ke riƙe masa 'yar tun rasuwar matarsa. Ya zauna ya gaya mata komai, bai rage ba, har inda aka binne shi da waɗanda suka yi masa salla.

Ta saurara ba ta yi kuka ba. Ta ce mutane sun yi ta ce mata ya samu wuri ne ya manta da su, ita kuwa ta san ƙanenta. Ta tambaya ko akwai hotonsa, don bai taɓa ɗauka ba. Baba ya yi jinkiri, sannan ya fito da wanda Auta ta wanke masa. Ya ce ta yi haƙuri, daga sama ne, ba fuska, hula ce kawai da kafaɗu.

Matar ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake sauke kafaɗar hagu in yana aiki, tun yana yaro."

Ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a cinya, ta sa mata yatsa a kan hoton, ta ce ga Babanki. Baba ya ajiye ledar takalmin a gefen tabarma, ya tashi ya fita waje ya ba su wuri.